Yadda za ka lissafa harajin albashinka da kanka bayan an canja jadawali

Tun da albashin Janairun 2026 ya faɗo, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a saƙonnin da kuke aiko min: an ce an rage haraji, to me ya sa abin da ake cire min bai motsa ba? Wasu ma cewa suka yi nasu ƙaruwa ya yi. Wani malamin sakandare da muke sallah a masallaci ɗaya ya tare ni bayan Isha da hoton takardar albashinsa a waya, gilashin wayar duk ya tsattsage, muna ta zuƙo hoton muna neman layin da aka rubuta PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi kowane wata. Shekara goma sha ɗaya yana aiki bai taɓa duba layin nan ba. "Ni dai alat nake gani, Malam," in ji shi.

Abin da ya faru a taƙaice shi ne, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, sabon jadawalin harajin kuɗin shiga kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, tsohon rangwame da kansa yake zuwa, ko ka nema ko ba ka nema ba. Na yanzu kuwa, wani ɓangarensa sai ka tashi ka kai takarda. Ga yadda ake lissafin daga farko har ƙarshe. Tsarin ɗaya ne a kowace shekara, lambobin ne kawai za ka sauya duk lokacin da aka taɓa doka.

1. Tara kayan aiki

Ba ka bukatar akanta a wannan matakin. Biro, takarda da kalkuletar wayarka sun isa. Abin da za ka ajiye a gabanka:

- takardun albashinka na wata-wata, aƙalla na Disamba da na Janairu, don ka ga bambanci
- bayanin asusun fanshonka daga kamfanin da ke riƙe maka shi
- rasit ɗin kuɗin haya da yarjejeniyar haya
- shaidar biyan inshorar lafiya ko ta rai, in kana da su
- lambarka ta NIN, wadda yanzu ita ce tushen lambar harajin mutum ɗaya

Gargaɗi: saƙon alat ba takardar albashi ba ne. Alat yana nuna abin da ya rage bayan an gama yanke-yanke, lissafin haraji kuwa daga cikakken albashi yake farawa. In wurin aikinku ba sa ba da takardar, je ofishin albashi ka nema. Haƙƙinka ne ka ga abin da ake cire maka.

2. Tabbatar da jadawalin shekarar da kake lissafawa

Nan ne masu ilimi ma suke tuntuɓe. Kuɗin da ka samu a wata shekara, da dokar wannan shekarar ake auna shi, ba da dokar ranar da ka zauna lissafi ba. Albashin 2025 da tsohon jadawali ake lissafa shi ko da a 2026 kake cike takardunsa. Albashin 2026 shi ne na sabon jadawali.

Ga sabon, na shekara guda:

- naira 800,000 na farko: babu haraji
- naira 2,200,000 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3: kashi 15 cikin 100
- naira miliyan 9 da ke biye, har zuwa miliyan 12: kashi 18
- naira miliyan 13 da ke biye, har zuwa miliyan 25: kashi 21
- naira miliyan 25 da ke biye, har zuwa miliyan 50: kashi 23
- duk abin da ya haura miliyan 50: kashi 25

Ga tsohon, wanda aka yi amfani da shi tun gyaran dokar 2011 har ƙarshen 2025: 300,000 na farko kashi 7, 300,000 na biye kashi 11, 500,000 kashi 15, wani 500,000 kashi 19, sai 1,600,000 kashi 21, abin da ya haura 3,200,000 kuma kashi 24. A tsohon tsarin, kafin a kai ga jadawalin, ana cire wa kowa dunƙulallen rangwame na naira 200,000 (ko kashi 1 na kuɗin shigarsa in shi ya fi yawa) haɗe da kashi 20 na kuɗin shigar. Wannan rangwamen ne aka soke gaba ɗaya.

Gargaɗi: kada ka ɗauki jadawali daga hoton da ake turawa a WhatsApp. Kafin a sa hannu a dokar, an yi ta yawo da lambobin ƙudirin da aka fara kai wa majalisa, kuma ba duka ne suka tsira yadda suke ba. Har yanzu ina ganin irin waɗannan hotunan a zaurukan ma'aikata. Duba shafin hukumar harajin jiharku ko na hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Ka mai da wannan dubawar al'adarka ta kowane Janairu, domin daga 2019 zuwa 2023 kusan kowace shekara sai an fito da dokar kuɗi da ta gyara wani abu a harkar haraji. Ta 2020 ce, alal misali, ta sauya yadda ake auna cikakken kuɗin shiga kafin a ba da rangwame, ta kuma yafe wa masu mafi ƙarancin albashi, kuma ma'aikata da yawa ba su ma san an yi ba.

3. Haɗa kuɗin shigarka na shekara

Ɗauki cikakken albashin wata ka ninka sau 12. Sannan ka ƙara duk abin da wurin aiki ya ba ka a kan aikinka: alawus na gida, na mota, na abinci, kuɗin hutu, kuɗin ƙarin lokaci, garabasar ƙarshen shekara, albashin wata na goma sha uku in ana ba ku. Sunan da aka laƙaba wa kuɗin bai dami doka ba. In don aikinka aka ba ka, yana ciki.

Har abin da ba kuɗi ba ne yana iya shiga. In kamfani ya ba ka motar da kake amfani da ita, ana ɗaukar kashi 5 na kuɗin motar a matsayin abin da ka samu a shekara. In gida aka ba ka, ana sa darajar hayarsa, amma ba za ta wuce kashi 20 na albashinka ba.

Abin da ba ya shiga: kuɗin da ka kashe a kan aikin ofis aka mayar maka, kyautar da ɗan'uwa ya yi maka, bashin da ka ci, kwasar adashi, da diyyar rasa aiki matuƙar ba ta wuce naira miliyan 50 ba. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata, babu ruwansa da wannan harajin.

Bari in tsaya kan jita-jitar banki, tunda ita ma ta cika min waya. Shigar kuɗi asusunka ba shi ke mai da su abin haraji ba. In ƙanenka ya turo maka 200,000 na maganin Hajiya, ba kuɗin shiga ba ne. Naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗin da suka kai 10,000 kuma kuɗin hatimi ne, ba su da alaƙa da abin da muke lissafawa. Amma fa ka riƙa rubuta dalilin tura kuɗi a gurbin bayani, ka kuma ce wa masu turo maka su rubuta. Amfaninsa naka ne, ranar da za a tambaye ka daga ina wannan ya fito, kai kuma ka manta.

Za mu riƙa tafiya da misali ɗaya. A ce cikakken albashinka naira 250,000 ne a wata, babu wani ƙari. A shekara ya zama naira 3,000,000.

4. Cire abin da doka ta yarda a cire

Abubuwa shida ne, ba bakwai ba:

- gudummawarka ta fansho
- gudummawar asusun gidaje na ƙasa, NHF
- gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa
- kuɗin ruwan rancen da ka ci don gina gidan da kai kanka kake zaune a ciki
- kuɗin inshorar rai, taka ko ta matarka, ko ta mijinki
- rangwamen haya

Fansho: a ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8, mai aikinsa kashi 10, kuma ana auna su ne a kan asalin albashi da alawus na gida da na mota. Naka kashi 8 ɗin kawai za ka cire. Kada ka haɗa da na mai aikinka, domin tun farko bai shiga albashinka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki lambar da ke takardar albashinka ka ninka sau 12. A misalinmu, a ce ana cire 16,000 a wata, ya zama 192,000. NHF kuma a ce 2,500 a wata, ya zama 30,000.

Gargaɗi: rancen gida, ruwan kawai ake cirewa, ba uwar kuɗin ba. Inshorar mota ko ta shago ba ta cikin wannan jerin. Haka nan kuɗin makarantar yara, zakka, kuɗin ƙungiyar ƙwadago, biyan bashin kwafaretib, da yawan iyali, babu ɗayansu da ke rage haraji. Mai mata huɗu da 'ya'ya ashirin da gwauron da ke kwana a shago, in albashinsu ɗaya, harajinsu ɗaya. A ganina wannan bai yi wa magidancin ƙasar nan adalci ba, amma haka dokar take, kuma ƙorafi ba ya canja lissafi.

Sai rangwamen haya, wanda shi ne sabon abu, kuma shi ne ya fi salwanta. Ana cire maka kashi 20 na hayar da ka biya ta shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Mai biyan 400,000 zai samu 80,000. Mai biyan miliyan 1 zai samu 200,000. Daga hayar miliyan 2 da rabi an kai maƙura, ko miliyan 10 kake biya a Maitama 500,000 ɗin ne dai.

Lura da kyau: ba 80,000 za a ba ka a hannu ba, ba kuma 80,000 za a rage daga harajinka ba. Daga kuɗin da za a ɗora wa haraji ake cire su. Ga mai zangon kashi 15, amfaninsu a aljihu naira 12,000 ne a shekara, wato dubu ɗaya a wata. Ba dukiya ba ce, amma kuɗin data ne da kake bar wa gwamnati a banza.

Sharaɗin shi ne ka bayyana ainihin abin da ka biya, a rubuce, tare da shaida. To a nan ne al'adarmu take cin mu. Da yawanmu hannu da hannu muke miƙa wa dillali kuɗin haya a ƙofar gida, a yi musabaha, a ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. Ni kaina shekara uku na yi a wani gida ban taɓa karɓar ko guntuwar takarda ba, don mai gidan abokin mahaifina ne, ina jin nauyin in ce ya rubuta min. Ranar da na bukaci shaida sai da na koma da kai a sunkuye. Ga abin da ya kamata rasit ɗin ya ƙunsa: sunanka kamar yadda yake a NIN, sunan mai gida, adireshin gidan, adadin kuɗin, da watan da hayar ta fara da wanda za ta ƙare. In ta banki ka biya, ajiye shaidar turawar tare da shi. Sannan ka kai kwafi ofishin albashi tun farkon shekara, ka bar na asali a hannunka.

Gargaɗi na farko: in ka biya hayar shekara biyu a dunƙule, doka hayar shekara ta ambata, don haka raba kuɗin gida biyu, kowace shekara da rabonta.

Na biyu: wanda ke zaune a gidansa, ko a gidan gado, ko a ɗakin da mahaifinsa ya ba shi, ba shi da wannan rangwamen. Na san dabarar da ke zuwa zuciya, a sa yaya ya rubuta rasit kamar shi ne mai gida. Kada ka fara. Bayanin ƙarya laifi ne mai tara, sannan ka jawo wa yayan naka tambaya, domin kuɗin haya ga wanda ya karɓa kuɗin shiga ne da shi ma ake biya wa haraji. Wannan ne ma dalilin da wasu masu gidaje suke noƙewa in an nemi rasit. Ka lallaɓa naka, amma kada ka yarda ya rubuta ƙasa da abin da ka biya.

A misalinmu, da hayar 400,000: 192,000 da 30,000 da 80,000 sun tashi 302,000. A cire su daga 3,000,000, saura 2,698,000. Wannan ce lambar da za ta shiga jadawali.

5. Bi jadawalin zango-zango

Ka ɗauke shi kamar tafiyar fatake. Kowane zango da kuɗin fitonsa, kuma abin da ya iso zangon kawai ake caja da farashin zangon.

Daga 2,698,000, zangon farko ya ɗauke 800,000 kyauta. Saura 1,898,000, kuma duk sun tsaya a zango na biyu tunda ba a kai miliyan 3 ba. Kashi 15 ɗinsu shi ne 284,700. Harajin shekara ke nan. A raba 12, naira 23,725 a wata.

Da tsohon tsari, wannan ma'aikacin 312,704 zai biya, kusan 26,059 a wata. Ragin da ya samu bai fi 28,000 da 'yan kai ba a shekara. In kuma bai kai rasit ɗin haya ba, harajinsa 296,700 ne, wato 24,725 a wata. Shi ya sa da yawa suka ce ba su ga canji ba. Akwai shi, ƙarami ne, kuma kusan rabinsa yana cikin rasit ɗin da ba a karɓa ba.

Don sauƙi, haddace waɗannan: in lambarka ta cika miliyan 3 cif, harajinta 330,000. In ta cika miliyan 12, 1,950,000. Miliyan 25, 4,680,000. Miliyan 50, 10,430,000. Sai ka nemo wadda ka wuce, ka lissafa rarar kawai da kason zangon da kake ciki, ka haɗa.

Ga mai babban albashi: naira 1,500,000 a wata, miliyan 18 a shekara, fansho 960,000, haya miliyan 3. Kashi 20 na hayar 600,000 ne, amma 500,000 za a cire. Saura 16,540,000. Ya wuce miliyan 12 da 4,540,000, kashi 21 ɗinsu 953,400. A haɗa da 1,950,000, ya zama 2,903,400, wato 241,950 a wata. Da a gidansa yake zaune, 3,008,400 zai biya, wanda kusan daidai yake da 3,015,680 na tsohon tsari. Daga nan zuwa sama kuwa, sannu a hankali sabon tsarin yake fara fin tsohon ciwo.

Gargaɗi: na sha jin ana cewa kada a yi min ƙarin girma ya jefa ni zangon sama in yi asara. Babu wannan. In lambarka ta tashi daga 2,990,000 zuwa 3,100,000, naira 100,000 da suka haura miliyan 3 ne kawai za a caja kashi 18. Sauran suna nan yadda suke.

Wani gargaɗin: 800,000 ɗin nan ana nufin abin da ya rage bayan cire-ciren mataki na 4, ba cikakken albashi ba. Maganar da ake yi cewa duk mai dubu ɗari a wata ya tsira, sai an duba. In fanshonsa 96,000 ne a shekara kuma ba ya haya, saura 1,104,000, harajinsa 45,600, wato 3,800 a wata. Ya fi 66,480 na tsohon tsari sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba sifiri ba ne.

6. Gwada da takardar albashinka

Ɗora abin da ka samu a kan layin PAYE. In bambancin 'yan nairori ne, ƙyale shi. In ya kai dubbai, dalilin ba ya wuce ɗaya daga cikin huɗu: ofishin albashi bai sauya jadawali ba, ko ba a sa maka rangwamen haya ba, ko akwai alawus da kai ba ka haɗa ba, ko an biya ka wani dunƙulallen kuɗi a watan, irin ariyas ko kuɗin hutu, ya ɗaga lissafin.

Je da takardar lissafinka a hannu, kuma ka je da ladabi. "Ranka ya daɗe, ga abin da na lissafa, a duba min inda na kuskure" ya fi buɗe ƙofa a kan shiga da faɗa. Akantan nan mutum ɗari nawa yake yi wa lissafi, kuma sau da yawa manhajar da aka ba shi ce ba a sabunta ba. In ba a gyara ba a wata mai zuwa, rubuta wasiƙa, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Abin da aka cire fiye da ƙima ana iya daidaita shi a watannin gaba, ko ka neme shi daga hukumar haraji, amma duka biyun sai da takarda.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma a ƙananan kamfanoni da makarantun kuɗi aka fi samunsa: a cire maka a riƙe, ba a kai wa hukuma ba. Doka ta ce mai aiki ya miƙa harajin kowane wata kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce, ya kuma kai bayanan ma'aikatansa na shekara zuwa 31 ga Janairu. Hanyar da za ka gane ita ce ka nemi takardar shaidar biyan haraji. In hukuma ta ce ba ta ga sunanka ba, ka san inda kuɗinka suka maƙale.

7. In kana da sana'a a gefe

Kiwon kaji, shagon POS, gidan haya, ɗinki, kwangila, aikin intanet da ake biyanka daga waje, duk kuɗin shiga ne, kuma a kan albashin ake ɗora su, ba a ba su wani sabon 800,000 na kyauta. Riba ake ɗorawa, ba ciniki ba. Cire abin da ka kashe don sana'ar kaɗai: abincin kaji, hayar shago, albashin yaron shago, man janareto. Cefanen gida da ka ɗiba daga aljihun shago ba ya cikin wannan. Sunan kasuwanci da ka yi wa rajista ma bai raba ka da shi ba, harajinsa naka ne. Kamfani mai cin gashin kansa ne yake da lissafinsa daban.

A ce ma'aikacinmu ya ci ribar 600,000 a kaji. Lambarsa ta koma 3,298,000. Miliyan 3 na farko 330,000, rarar 298,000 a kashi 18 kuma 53,640. Jimilla 383,640. An riga an cire masa 284,700 a albashi, saura 98,940 da zai biya da hannunsa.

A nan ne za ka ga bambancin ragin kuɗin shiga da ragin haraji kai tsaye. In ka yi wa kamfani ko ma'aikata aiki, ko ka ba su hayar gida, sukan riƙe wani kaso su miƙa wa hukuma da sunanka, a haya kashi 10 ne. Wannan kuɗin ba ɓata suka yi ba, kafin alƙalami ne na harajinka. In an riƙe wa mutuminmu 40,000 kuma yana da takardar shaidar riƙewar, daga 98,940 za a cire su ɗungurungum, ya biya 58,940. Da a matsayin ragin kuɗin shiga aka cire su, abin da za su rage masa 7,200 ne kacal. Saboda haka duk wanda ya riƙe maka kuɗi da sunan haraji, ka bi shi har sai ya ba ka takardar.

Gargaɗi: wanda ba shi da littafin ciniki, hukuma tana da ikon yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasin jami'i ba ya faɗuwa ƙasa. Littafin makaranta mai layi ya isa, shafi ɗaya abin da ya shigo, ɗaya abin da ya fita, da kwanan wata. Ajiye shi da rasit-rasit ɗinka har shekara shida.

8. Kai bayanan shekara

Ko da ana cire maka a albashi, ana bukatar ka kai bayanin kuɗin shigarka na shekarar da ta wuce zuwa ranar 31 ga Maris. Na 2026 zai shiga kafin ƙarshen Maris na 2027. A nan ne za ka rubuta sana'ar gefe, ka kuma nemi duk rangwamen da ofishin albashi bai sa maka ba.

Jihar da kake zaune ce ke da harajinka, ba wadda ofishinka yake ba. Mazaunin Kano, hukumar harajin jihar, wato KIRS. Mazaunin Kaduna, KADIRS. Mazaunin Abuja, FCT-IRS. Wanda ke aiki a Abuja amma yana kwana a Mararaba ko Masaka, na jihar Nasarawa ne. Na Suleja da Madalla, na jihar Neja. In ka tashi daga wata jiha zuwa wata, sanar da ofishin albashi, in ba haka ba kuɗinka su tafi inda ba za a ba ka shaida ba.

Cike bayanan ba a biyan ko kwabo, a shafin hukumar ko a ofishinta mafi kusa. In ka ɗauki akanta ko yaron shagon kwamfuta, ladan aikinsa kawai za ka biya. Harajin kansa ta banki ko ta hanyar biyan da hukumar ta ayyana ake biya, a karɓi rasit mai sunanka. Kada ka danƙa wa kowa tsabar kuɗi, ko da ya zo da katin aiki a wuya ya ce zai taimaka maka a rage.

Tarar ƙin kai bayani a sabuwar dokar gudanar da haraji naira 100,000 ce a watan farko, sai 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Dubi mai dubu ɗari a wata da muka lissafa a sama: harajinsa na shekara 45,600, tarar wata ɗaya ta ninka shi fiye da sau biyu. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, makon ƙarshe na Maris shafukan nan nauyi suke yi, layin ofis kuma ya kai bakin titi. Yi naka a Fabrairu.

Da ka gama, nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku na baya. Ita ake tambaya wajen neman kwangila, takardun fili, da tsayawa takara.

9. In an aiko maka da ƙiyasin da ba ka yarda da shi ba

Kwana 30 gare ka daga ranar da takardar ta iso hannunka ka rubuta ƙin amincewa, in ka yi shiru har suka wuce, ƙiyasin ya zauna. Rubuta ranar da ka karɓa a bayan takardar tun a gaban wanda ya kawo ta. A cikin wasiƙar, faɗi lambar da ka yarda da ita da dalilinka, ka haɗa kwafin takardun albashi, rasit da lissafin da ka yi a mataki na 5, ka biya abin da ba ka jayayya a kansa. In hukumar ta ƙi sauyawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, akwai kuma sabon ofishin sauraron koken masu biyan haraji da dokokin 2025 suka kafa. Kowanne ka nufa, abin da za a fara tambayarka shi ne kwafin wasiƙarka mai hatimin karɓa.